Kujera Ɗaya

Shekara biyu na yi ina fama da wata ƙaramar mota mai turbo, na'urar ƙara wa inji ƙarfi, a garejin gidanmu a Ƙofar Galadima, ina shirya ta don filin tsere. Ba wanda ya taɓa riƙe min ko sifana. Abokaina sun leƙo sau ɗaya, abin da ya dame su kawai ko tana shan mai.

Na sauya birki, na sa faffaɗan tayoyi, na rage mata tsayi. Sai na koma kan nauyi: na cire kujerun baya da kafet, na kwance kujerar gefen direba, na yi waldar bututun ƙarfe a ciki saboda haɗari.

Ranar da na fara fito da ita, na tarar da Kawu, ƙanen mahaifiyata, a bakin lungu, ya sha babbar riga zai je ɗaurin aure Gyallesu. A unguwarmu mai mota ba ya wuce babba a ƙasa, don haka na tsaya. Ya buɗe ƙofa da fara'a, ya tattare riga zai zauna, sai ya ga ƙarfe tsirara.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗan nan, ni dai wurin da na san ana auna wa mutum shi kaɗai, kabari ne."

Ya rufe min ƙofar a hankali, ya tare ɗan acaɓa. Na bi bayansu har Gyallesu, ban wuce giya ta biyu ba.