Ɗigo Uku a Jikin Kafiretar Baba

Ya faɗa! Jama'a, Iliya Jet ya faɗa da bakinsa! Ranar Lahadin da ta wuce, ana tsakiyar sujada, ya miƙe a gaban ikilisiya, ya ce Ayuba direba, mahaifina, bai sha komai ba ranar da ya mutu, aikin hannun shi Iliya ne ya kashe shi. Watan nan shekara goma cif da muka binne Baba, sai yanzu aka wanke masa suna. Ni ce 'yarsa ta biyu, Rifkatu, ina karatun injin mota a kwaleji. An ce waiwaye cikin natsuwa ake rubuta shi. Zan gwada, amma in biro ya zame ku yi haƙuri, tun Lahadi ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba.

Duk wanda ya shiga mota a tashar Kafanchan wancan lokaci ya san Baba. Doguwar motar haya ce da shi, fara, a bayanta an rubuta Sannu Ba Ta Hana Zuwa, har shi kansa Sannu ake ce masa. Direbobi su yi ta tsokanarsa, wai in ka shiga motar Sannu da ɗanyen rogo, kafin Kagarko ya zama gari. Sai ya yi dariya ya ce ai dai garin zai isa gida. Mata masu kai citta kasuwa motarsa suke jira ko da ta gabansa ta cika. Ɗan kwaya ne, wato ƙungiyar mawaƙa, a majami'a, kuma ko ƙwaryar burkutu ba ya taɓawa.

Iliya kuwa bakanike ne, majami'armu ɗaya, Kawu nake ce masa a da. Aikin da ya yi suna da shi shi ne gyaran gudu, shi ya sa ake ce masa Jet. Kafireta dai ita ke haɗa fetur da iska ta ba inji. Tana da maƙogwaro, a ciki akwai ɗan faifan ƙarfe da kanikawa ke kira bataflai. Ka taka totur ya buɗe, mota ta ƙara wuta. Ka ɗaga ƙafa, sifirin ya ja shi ya rufe. Shi Iliya sai ya sa magagari da samfefa ya goge maƙogwaron ya ƙara masa faɗi. Tsohon faifai ya yi kaɗan ke nan, sai ya yanko sabo daga murfin tukunyar dalma. Ya kuma cire sifirin ɗaya cikin biyu, wai don totur ya yi laushi. In ya gama, sai ya ɗauki ƙusa ya buga ɗigo uku a jikin kafiretar, don kada wani ya kawo masa ɓarnar wani gareji ya ce tasa ce. Samarin direbobi har layi suke yi.

Baba ya kai masa mota a wanke kafireta, wanki kawai. Washegari da hantsi, a wani gangare a hanyar Godogodo, mota ta kama ruri ta ƙi sauka. Ga mata a bakin titi da tirensu na ayaba. Baba ya kauce musu ya ba bishiya gefensa. Fasinjoji duk sun rayu, shi kaɗai ya tafi. Abin da ya ɓata komai, akwai jarkar burkutu a cikin kaya, ta fashe ta jiƙa shi sharkaf. Har yau ba wanda ya ce jarkarsa ce.

Kafin gawa ta iso gida labari ya riga ta. Wa ya fi kowa yaɗa shi? Kawu Iliya. Ya rantse wata shida rabonsa da motar nan, ya ce shi da hancinsa ya ji warin. Dattawan ikilisiya suka zauna, suka ce gawar wanda ya mutu a buge ba ta shiga majami'a. A bakin kabari aka yi 'yar addu'a a gurguje, kamar ana jin kunya. Iliya na cikin waɗanda suka ɗauki akwatin, ya kuma zauna ya ci shinkafar makoki har da neman ƙari. Mama ta daina zama a gaba cikin zumuntar mata. A firamare sunana ya koma 'yar mashayi. Sau nawa na yi dambe a kan sunan nan, ban ƙirga ba, amma akwai wani yaro da har yanzu haƙorinsa bai cika ba.

To ku ji yadda dubu ta cika. Malaminmu ya ce kowa ya nemo tsohuwar kafireta ya kwance ya haɗa. Na je shagon Oga Obi, mai sayar da tsofaffin kayan mota a bayan layin dogo, wanda ya sayi gawar motar Baba tun lokacin. Shi al'adarsa, duk abin da ya ciro daga mota sai ya rubuta sunan motar a jiki da jan fenti. Ina tonon wani tsohon durom sai ga wata an rubuta SANNU. Oga Obi ya leƙo ya ce da Hausarsa ta koyo, "Ah, Injiniya, wannan na motar babanka ne. Shekara goma ba wanda ya saya, an lalata wuyansa. Ɗauka, kyauta." Na juya ta, na goge da bakin zanena. Ɗigo uku, reras.

Na wanke ta tas da kananzir, na nufi tasha wurin Alhaji Sale, shugaban direbobi, tsohon abokin Baba. Ya sa aka kira Iliya. Ya zo yana goge hannu yana cewa wai mata ma sun fara kama sifana, duniya ta zo ƙarshe. Na ja hannun totur a gaban kowa, na saki, faifai ya rufe ƙyas. Sai na roƙi mai shayi ya ba ni tafasasshen ruwa a bokiti, na tsoma ta, na ciro da tsumma. Na ja, na saki. Faifan ya tsaya a buɗe, ya cije, ko motsi. Zafi ya kumbura faifan dalmar, kamar yadda zafin inji ya yi masa ranar hatsarin.

"Iliya," in ji Alhaji, "ɗigon nan na wane ne?"

"Baba Alhaji, ai ɗigo kowa na iya bugawa."

Wani direba ya ce daga baya, "Haba Jet! Ba kai ne ke cewa ko Bature bai iya buga irin naka ba?"

Alhaji bai yi dariya ba. Ya ce, "Daga yau motar tashar nan ba ta shiga garejinka, sai ka koma inda ka ɓata sunan Ayuba ka gyara. Mu Musulmin tasha ma za mu tsaya a bakin ƙofa mu ji."

Kuma sun tsaya, wallahi, da hulunansu, cikin rana. A nan Iliya ya faɗi sauran. Wai Baba bai sa shi ba. Shi ne ya yi don ya burge tasha, a ce har Sannu ya sa ta gudu. Bai ma gaya masa ba, so yake ya ba shi mamaki.

Tun ranar nake tunanin da Baba zai leƙo yau, me zai gani? Zai ga layin mai ya kai har kwanar kasuwa. Zai ga babura sun cika gari, jirgin ƙasa sai an yi sa'a a ji kukansa. Zai ga motocin kwatano waɗanda ba su da kafireta ma sam, kanikawa na buɗe bonet suna sosa ƙeya. Zai ga 'yarsa da baƙin mai a farce, ya ce wa Mama wa zai auri wannan. Iliya kuma, na san Baba, da ya dafa kafaɗarsa ya ce ya wuce. Mama ma haka ta ce min: "Rifkatu, ya isa, ki bar wa Allah."

Ni dai ban kai nan ba, kuma ba zan yi muku ƙarya a jarida ba. Kuskuren magagari zan iya yafewa, ko malaminmu yana kuskure. Amma mutum ya san abin da hannunsa ya yi, ya bar gawa a waje, ya zauna layi ɗaya da gwauruwa shekara goma yana rera waƙa? Ba na yi masa fatan mutuwa. Fatana ya daɗe, ya tsufa a garin nan, kullum ya wuce tasha yara su nuna shi. Alhaki kwikwiyo ne, yanzu ya gane gidan mai shi. Dattawan da suka yanke hukunci da hanci, ba da ido ba, su ma ban manta da su ba. Biyu suna raye, kuma na ga inda suka sa idonsu ranar Lahadi: a takalmansu.

Baba bai bar mana gida ba, motarsa ta tafi gunduwa-gunduwa. Abin da ya rage matan ayabar nan ne, da fasinjojin da suka koma gida suka aurar da 'ya'ya. Sai sunansa. Lahadi mai zuwa za a kira shi a cikin majami'a, ba a bakin kabari ba, kuma Mama ta guge zanen zumuntarta, ta ce a gaba za ta zauna.

Ƙaryar nan baki da baki ta yi tafiya, har Kagarko da Godogodo da Kajuru, inda jarida ba ta cika zuwa ba. Don Allah, in ka gama karantawa kada ka naɗe ƙosai da shafin nan. Miƙa wa na kusa da kai, ka karanta wa wanda bai iya ba, ka ba direban da ka shiga motarsa. Ku gaya musu Ayuba Sannu bai sha komai ba.