Inna a Cikin Akwati

A kasuwar raƙuma ta Dakoro, zamanin da kumandan Banasare ke riƙe da gari, babu wanda bai san Alhusaini dillali ba. Dogo ne siriri, mai taurin kan tsiya, kuma duk abin da zai saya sai ya ɓare masa baki ya duba haƙori. An ce ko ranar da ya je ganin matar da zai aura sai da aka rirriƙe masa hannu. Ni dai ban gani ba, amma ba zan musa ba.

Ƙanensa Rhissa kuwa, Nasara suka ɗauke shi soja, suka kai shi yaƙin Indoshin, can gabas mai nisa. Shekaru suka miƙa. Rannan sai ga wani sojan da aka sallamo da saƙon baki: Rhissa ya ce fuskar innarsu ta fara ɓace masa, in ya rufe ido mayafinta kawai yake gani, don Allah a aiko masa da hotonta. Maganar nan ta soki Alhusaini ƙwarai. Tsohuwar kuwa, Aisata, tana zangonsu can wajen Tagriss, ta ce ƙafarta ba za ta taka Maraɗi ba. Mai hoton Maraɗi shi ma ya ce ba ya hawa raƙumi. Sai Alhusaini ya ce shi zai sayi akwatin hoton ya ɗauko ta da kansa.

Ya je Maraɗi wurin mai hoton nan, sunansa Abarci, yana da kanti, a nan yake sayar da akwatunan, a nan yake wanke hotuna. Ya fara fito masa da wani ƙato mai baƙin ƙyalle. Alhusaini ya kewaye shi, ya duƙa ya leƙa ƙarƙashi.

"Wanga ƙahwa ukku gare shi. Ina ta huɗun?"

"Haka aka ƙera shi, malam."

"Haka duk mai gurgun raƙumi ke cewa. Kauda shi."

Na biyun yana da fitila a ka, mai walƙiya. Alhusaini ya tambayi abin da yake ci. Abarci ya ce pil, wato batir, kuma sai a Maraɗi ake samunta, tunda ko gidan kumandan na Dakoro bai san lantarki ba. Alhusaini ya ce dabbar da harawarta ke birni a hanya take mutuwa, a ba shi wani.

Na ukun ɗan mitsitsi ne, aljihu ma zai ɗauke shi, yana da wuyan fata mai fitowa ya koma. Alhusaini ya zura masa ido cikin ido ko zai ga ciwo. Ya tafa hannu a bayansa, bai zabura ba. Ya tambayi shekarunsa da inda uwarsa take, aka ce tana Faransa.

"To shi mi shike ci?"

"Ba shi ci, ba shi sha. Ka ba rana baya, ka latsa nan, shi ke nan. Amma ka ji ni da kyau: kada ka buɗe cikinshi sai ka maido mani."

Abin da ba ya ci ba ya sha, ai dillali bai taɓa ganin irinsa ba. Nan take ya biya.

A zango, Aisata ta ɗaura zanenta na shuni, ta sa 'yan kunnen azurfa, ta zauna a bakin bukka ta ɗaure fuska. Alhusaini ya latsa, ƙas! Ta ce, "An gama?" Ya ce, "Kin shiga, Inna." Ta dubi ɗan akwatin da kyau, ta ce, "To, a kula da ni."

Wannan kalma ita ta jawo duk abin da ya biyo baya. Bazara ce, rana kamar ta dafa mutum. Alhusaini yana bisa raƙumi, hankalinsa yana aljihu. Shi da ko ɗan akuya bai taɓa ƙulle wa a jaka ba tare da ya bar masa kafar numfashi ba, yau ga mahaifiyarsa a duhu, babu iska, babu ruwa! Da farko yakan kara baki ya ce, "Sannu, Inna, an kusa." Da ya ji shiru sai tsoro ya kama shi. A rijiyar farko ya ce ai ba uwar Abarci ba ce a ciki, ya ɓalle cikin akwatin, ya warware abin da ke naɗe, ya hure masa yashi, ya yi masa fifita. Bai ga kowa ba, amma bai damu ba, don shi ɗan fari ne, dama ba ta haɗa ido da shi. Haka ya yi a kowace rijiya har Maraɗi.

Abarci ya wanke, ya miƙo masa takarda fara fat. Ya yi wa Alhusaini faɗan buɗe akwatin har muryarsa ta dushe. Alhusaini ya sake komawa Tagriss, tsohuwa ta ce an ɗauke ta sau ɗaya, me kuma ya rage a jikinta da za a ɗauka? Ya yi magiya, ta juya masa baya. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya ɗinke farar takardar nan a fata kamar laya, ya ba wani soja mai komawa. Kunya ta hana shi cin abinci sosai har aka yi girbi.

Amsa ta zo ta bakin wani sojan, kuma a gaban Aisata ya faɗe ta. Rhissa ya ce hoto ya iso, ya gane ta sarai, kullum sai ya duba. Amma ransa ya ɓaci da yayansa: don me za a zaunar da tsohuwa cikin rana mai ƙuna haka, har haske ya rufe ta?

Alhusaini ya sunkuyar da kai, idonsa ya kawo ruwa. Aisata ta tashi a hankali, ta ja tabarmarta zuwa gindin aduwa. Daga ranar har ta bar duniya, ba wanda ya ƙara ganinta zaune a rana.