Facin da Aka Yi wa Baba Mai Faci

Duk wanda ya taɓa kai taya rumfar Baba Mai Faci ya san halinsa. Ko jirgi za ka hau, ba zai miƙa maka tub ɗin tayar da ya yi wa faci ba sai ya hura masa iska, ya tsoma shi a tsohon bahonsa, ya zuba wa ruwan ido. In kumfa ta taso, aiki ya koma baya. Direbobi su yi ta mita, shi ko a jikinsa. Da wannan taurin kan ya aurar da 'ya'yansa, ya rage sai auta, wadda ta gado shi har da ƙari.

Da tsufa ya zo, ciwon daji ya kama masa hanyar abinci, ya ci har ya huda hanyar numfashi. Ko ruwa ya kurɓa sai ya zarce huhu, ya yi ta tari kamar ransa zai fita. Likitar da ta duba shi a asibiti ta ce za ta cire wurin ciwon, ta yanko tsoka daga haƙarƙarinsa ta toshe hudar. Baba ya ce atafau ba mai yanka shi.

"Baba, tsoro kake ji?" in ji auta.

"Tsoron me? Ni dai ban yarda da facin da ba a gwada ba." Ya juya wajen likitar. "'Yata, in kin ɗinke, ta yaya za ki san ya kama?"

"Kafin mu rufe ƙirjin, muna cika shi da ruwa, mu hura iska a huhu, mu duba ko kumfa za ta taso."

Baba ya kece da dariyar da ta ƙare da tari.

"Ashe 'yar gida ce! Auta, faɗa musu na yarda."

Aikin ya yi tsawo, jinyar ta fi shi. Ya rame, muryarsa ta shaƙe, abinci sai ta robar da aka zura masa. Ranar da aka ba shi izinin shan ruwa, auta ta riƙe masa kofin. Ya kurɓa, ya haɗiye, ya ɗaga mata yatsa kada ta yi magana, kamar yadda yake yi wa direbobi a bakin baho. Suka jira. Tarin bai zo ba.

Auta ta fashe da kuka. Baba ya dafa kanta.

"Ya kama," ya ce a hankali. "Ƙaro min."