Baba Kaɗan-kaɗan da 'Yar Caca

A masana'antar fanka kowa ya san Baba Kaɗan-kaɗan, kuma wanda ya gaishe shi sau ɗaya ba ya marmarin na biyu. Aikinsa ne ya jawo masa sunan. Tun gashinsa na baƙi shi ke zana injin da ke juya fanka: ya ƙara naɗin waya kaɗan, ya ba kwamfuta ta lissafa ƙarfin maganaɗisu da zafin da injin zai ɗauka, ya rage kaurin ƙarfe kaɗan, ya sake ba ta. A kan zane ɗaya ya yi furfura. Injinsa ba ya ƙonewa, wannan ko maƙiyinsa ya shaida, sai dai bakinsa ya fi injin zafi. Matarsa ma ta gaji, ta daina tambayarsa ya aiki.

Ana nan sai aka kawo sabuwar injiniya, aka ajiye teburinta dab da nasa. Ita hanyarta daban. Takan zuba wa babbar kwamfutar ɗakin zane-zane barkatai, kwamfutar ta zubar da na banza, ta gauraya masu kyau su haifi wasu, haka har a dace da wanda ya fi. Baba ya tsani abin tun ranar farko, ya laƙa mata 'Yar Caca.

"Wannan ba lissafi ba ne, canki-canki ne," in ji shi. "A ina aka koya miki, gidan boka?"

"Baba, kai kana gyara abin da ke hannunka, ni ina neman abin da ba mu gani ba. Ka zo mu haɗa mana."

"Ni ba babanki ba ne."

Sai manaja ya leƙo da labari mara daɗi. Masu masana'anta za su zauna, in ba a nuna musu injin da ya rage cin wuta ba, za su rufe ɗakin zane su riƙa sayo inji daga waje. 'Yar Caca ta ɗora lissafinta a babbar kwamfuta, irin wanda ke kwana yana wuni, in ya katse kuma sai a koma farko. Baba ya zauna yana kallon fankar kwamfutar na huci. Gani yake gobe sunanta za a kira, shi kuwa a nuna masa ƙofa.

Da safiyar zaman, lissafin na dab da ƙarewa, ta fita shan ruwa. Baba ya sunkuya ƙarƙashin tebur, gwiwoyinsa na ƙara, ya zare filogin kwamfutar. Wallahi daɗi ya ji, har da gyara hula.

Ta dawo ta tarar da allo baƙi ƙirin. Ta dubi filogin a ƙasa, ta dube shi.

"Sai ki sake jefa cacarki," ya ce.

"Nawa zane-zanen tun tuni kwamfuta ta zubar da su," ta ce. "Naka na saka a ciki ba ka sani ba, kuma shi kaɗai ya tsira. Jikokinsa take ta ingantawa. Sunanka na rubuta a sama."

Manaja ya turo ƙofa, rigarsa ta sha guga.

"To, sun hallara. Wa zai shigo da zanen?"

Ta ɗauki jakarta ta raɓa ta gefensa ta fice. Manaja ya juyo ga Baba yana jira.