Kwalba Mai Hoton Bijimi

Shekara biyu bayan babban fari, zazzaɓi ya kwantar da ƙanena damina guda. Ɗan kokawa ne, da shi garinmu ke taƙama a ƙasar Dantchiao, amma ya tashi ana ƙirga haƙarƙarinsa. Ga shi an sa ranar karawarsa da wani ɗan kokawar garin Waca bayan girbi. Ni na raine shi tun rasuwar mahaifiyarmu, don haka ramarsa ta fi ci mini rai.

Wani mai yawon yi wa mutane allura, da ke sayo kaya daga ƙetaren iyaka, ya kawo masa 'yar kwalba mai ruwa kamar man gyaɗa. Ya rantse maganin Turawa ne na gaske, daga masana'anta ya fito a liƙe, mai sa jiki ya murje. A jikin kwalbar akwai hoton bijimi.

Mu da ba mu yi lakwal ba balle mu iya karatu, da hoto muke sanin kaya. Sabulu mai tsuntsu, ashana mai doki, haka muke tambaya a kasuwa, kuma ba wanda ya taɓa cewa sabulun na wankan tsuntsu ne. Sai kowa ya ɗauka bijimin tambari ne kawai, alamar ƙarfi. Ni kaɗai hankalina ya ƙi kwanciya, don ina kiwon raguna a turke, na taɓa ganin irinta a hannun masu kiwon shanu. Na faɗa, aka ce tsoron mata ne. Dama an san ni da taurin kai.

Ranar kasuwar Magariya na sace kwalbar daga ƙarƙashin tabarmarsa, na ƙulle a bakin zane. Na ce gishiri zan sayo, na kama hanya. Na nemi likitan dabbobi, wani dattijo mai tabarau, na tambaye shi ko jabu ce. Ya juya ta, ya karanta, ya ce ba jabu ba ce, mai kyau ce ma. Har na sauke ajiyar zuciya. Sai ya tambaye ni nauyin san da za a yi wa.

Na ce ba sa ba ne, ƙanena ne.

Ya cire tabarau ya dube ni. "Baiwar Allah, an yi ta don dabbar da za a yanka bayan wata uku. Wanda ya haɗa ta bai damu da ko hantar dabbar za ta kai baɗi ba."

Ban tsaya sayen gishirin da na fake da shi ba. Na kamo hanya, ina murna kwalbar na hannuna, ina shirya faɗan da zan yi masa.

La'asar na iso. Na tarar da shi a zaure, ya zauna a karkace yana murza ɗuwawunsa, yana dariya. Ya ce ya san ni na ɗauka, ai ba ɓera a gidan da ke cin kwalba. Na fara maimaita masa maganar likitan. Ya bari na gama.

"Yaya," ya ce, "ai guda uku mai allurar ya kawo. Wadda kika ɗauka ita ce ta ƙarshe."

Na kama haɓarsa kamar yadda nake yi yana yaro, na juya fuskarsa wajen haske. Farin idonsa ya fara komawa ruwan ɗorawa.