Lambar da Ban Karanta wa Kawu Ba

Shekarar da ruwa ya shiga ɗakunanmu a New Bell, Kawu, tsohon makanikin ƙananan jirage, ya shigar da ni wani sabon jirgi mai warin fetur da roba. Allurar nuna gudu da ya saba dubawa babu ita, sai allo mai haske, ga idonsa ya raunana.

"Karanta min gudun da aka saita masa in ya daidaita a sama."

Na ce ban iya karatu ba, amma zan koya in dawo.

"Makafi biyu a jirgi ɗaya!" Ya yi ta dariya.

Jiya ina ajin yaƙi da jahilci ina karanta lambobi, ƙaramin jirgi ya wuce a sama. Karatun ya samu. Kawu kuwa ya rasu, dariyarsa babu. Allah Ya haskaka kabarinsa.