Baba Arzika, Wanda Ya Kai Mu Ganin Raƙuman Dawa

Ina cikin kasuwar Dogon Dutsi ranar Juma'a ƙanena Sani ya kira ni daga garinmu Kieshe, ya ce Baba ya cika. Na tsaya riƙe da wayar, mutane suna ta raɓa ni suna wucewa. Mun san ba shi da lafiya tun da ɓarin jikinsa ya shanye, amma sanin bai rage mini komai ba. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Mahaifinmu malamin lakwal ne, wato makarantar boko, duk Kieshe Mushe Arzika ake ce masa, kamar yadda ake kiran malami da Faransanci. A garinmu mutum yakan yi tafiya don kasuwa ko biki ko gaisuwar mutuwa. Shi kuwa idan an yi hutu sai ya kwashe mu, har da Inna, ya ce za mu je kallo. Maƙwabta suna yi masa dariya, bai taɓa tanka musu ba. Mu dai yakan ce mana: "Abin da Allah ya halitta, ku tahi ku gan shi da idonku."

Wata shekara bayan girbi ya sa mu bayan motar wake mai zuwa Yamai, muka sauka a Kure, dajin da ake kare raƙuman dawa. Muka bi mai rakiya cikin yashi har rana ta take, ba mu ga ko ɗaya ba. Furar da Inna ta damo ta yi tsami, ƙaya ta soki Sani yana ta kuka, Inna ta ce mu koma bakin hanya. Baba ya ɗora Sani a wuya, ya roƙe ta ta ƙara haƙuri kaɗan.

Wajen la'asar muka same su ƙarƙashin gawo, uwa da ɗanta, suna cin ganye. Muka fara ihu, sai ya ɗaga hannu ya ce a hankali: "Ku yi shiru, gidansu munka zo." Da na waiwaya na ga ba su yake kallo ba, fuskokinmu yake bi ɗaya bayan ɗaya.

Ya so ya kai jikokinsa ma. Ya yi wa ƴaƴana alkawari, har suna faɗa wa abokansu. Amma hanyar ta daina zama lafiya saboda ƴan bindiga, duk direban da muka tuntuɓa sai ya ce ba zai tsaya a dajin da yara ba. Baba ya ce a jira abin ya lafa. Muna jira ciwon ya kwantar da shi, maganarsa ta ɗauke. Idan yaran suka shiga ɗakinsa sai ya bi su da ido, leɓensa yana motsi, ba mai gane abin da yake cewa. Da muka kai shi asibiti, likita ya ce mu mai da shi gida mu yi ta addu'a.

Bayan sadakar uku ƴata Hadiza ta tambaye ni wa zai kai su yanzu. Na ce mata ban sani ba.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba Inna haƙurin zama a gidan da babu shi, Ya raya jikokinsa, Ya kawo wa ƙasarmu zaman lafiya. Amin.